Martani: buɗe wa kowa fayil ba zai sasanta Windows da Linux ba

Wani marubuci da ya saba yi wa jama'a bayani kan harkar kwamfuta ya fito kwanakin baya da shawara ga masu amfani da Windows da Linux a na'ura ɗaya, da kuma ƙananan ofisoshin da ke tara fayilolinsu wuri guda. Shawarar ita ce su daina wahalar da kansu wajen daidaita asusun mutum na wannan manhaja da asusunsa na waccan. A ganinsa wannan aikin manyan kamfanoni ne masu ma'aikatan kula da kwamfuta, ƙaramin mutum ba ya bukatarsa. Abin da ya ce a yi shi ne a sa suna iri ɗaya a ko'ina, a buɗe izinin kowane fayil ga kowa da umarnin chmod 777, in abin ya ƙi kuma a yi wa faifan fomatin zuwa exFAT, wanda bai san wani abu wai shi mai fayil ba. Hujjarsa mafi ƙarfi ita ce duk wanda faifai ya shiga hannunsa zai karanta abin da ke ciki ko da wane izini aka rubuta, don haka izinin ado ne kawai.

Ciwon da ya sa shi ɗaukar alƙalami na gaske ne. Mutum ya tace bidiyo a Windows da safe, da yamma ya kunna Linux a kwamfutar tasa, ya tarar ba shi da ikon sauya sunan fayil ɗin da ya yi da hannunsa. Ko ma'aikaciya ta ajiye rahoto a foldar ofis, abokin aikinta ya zo gyarawa, na'ura ta ce ba shi da izini, ga shugaba yana jira. Duk wanda ya taɓa shiga wannan hali ya san abin da ke sa a nemi gajeriyar hanya. Sai dai shawarar ta ginu a kan rashin fahimtar yadda kwamfuta ke gane mutum, kuma wanda ya bi ta yana iya yin asarar da ta fi wancan ɓacin rai nesa ba kusa ba. Gyara kayanka dai bai zama sauke mu raba ba.

Kwamfuta ba ta san suna ba, lamba ta sani. Tun zamanin Unix, wanda Ken Thompson da Dennis Ritchie suka soma ginawa a cibiyar bincike ta Bell a Amurka a 1969, abin da ake liƙa wa fayil don a san mai shi lamba ce da ake kira UID, tare da wata lambar ta rukunin da yake ciki, wato GID. Linux da macOS a kan wannan tsari suke tafiya har yau. Sunan da mutum ke gani a fuskar na'ura, musa ne ko amina, a wani jadawali na daban yake zaune, kuma jadawalin ba ya bin faifai idan aka zare shi aka kai wata kwamfutar. Haka banki yake yi. Masu suna Musa Ibrahim a Kano ba su ƙidayuwa, shi ya sa ba a tura kuɗi da suna sai da lambar asusu mai alƙaluma goma, kuma wanda ya buɗe sabon asusu da wannan suna bai gaji kuɗin takwaransa ba.

Lambobin kuma kowa da yadda yake raba nasa. Ubuntu da Debian suna ba mutumin farko da aka buɗe wa asusu lamba 1000, na biyu 1001. Red Hat da Fedora sun daɗe suna farawa daga 500 kafin su koma 1000. Kwamfutar Apple daga 501 take farawa. Sifili na root ne, mai cikakken iko, 65534 kuma a yawancin Linux na asusun nobody ne, wanda ake jingina wa abin da aka kasa gane mai shi. To mutum ɗaya mai suna ɗaya, idan yana da Mac a gida da Ubuntu a ofis, a nan shi ne 501, a can shi ne 1000, kuma babu na'urar da za ta yarda cewa su biyun mutum ɗaya ne sai an gaya mata.

Windows kuwa wata hanya ta bi gaba ɗaya. Tun fitowar Windows NT 3.1 da tsarin ajiyar NTFS a 1993, shaidar mutum doguwar lamba ce da ake kira SID. Ta asusun mutane takan fara da S-1-5-21, sai dogayen gungun alƙaluma uku da na'ura ta zaɓa wa kanta ranar da aka ɗora mata manhajar, sannan gungu na ƙarshe wanda shi ne na mutumin: 500 na Administrator, 501 na Guest, sauran jama'a daga 1000 zuwa sama. Izinin ma ba iri ɗaya ba ne. Tsohon tsarin Unix ya kasa mutane uku, mai fayil da rukuninsa da sauran jama'a, ya kasa iko uku, karantawa da rubutawa da gudanarwa. NTFS kuma jeri yake ajiyewa a kan kowane fayil, mai iya tsawo yadda ake so, yana cewa an yardar wa wane kaza, an hana wance kaza, kuma fayil yana gadon jerin foldar da yake ciki.

Masu gyaran kwamfuta sun fi kowa sanin sakamakon wannan. A yi wa na'ura fomatin, a sake ɗora Windows, a buɗe asusu da tsohon suna da tsohuwar kalmar sirri, sannan a jona tsohon faifai a shiga foldar mai ita: Windows za ta ce ba shi da izini. In aka duba wa ke da foldar, doguwar lamba za a gani babu suna a gefenta, domin gungun alƙaluman nan uku sun sauya da sabuwar ɗorawa. Idan Windows ba ta gane Musa na jiya da Musa na yau da suna ba, ta yaya Linux za ta gane shi?

Ya kamata a yi wa marubucin adalci a nan, domin akwai inda maganarsa ta samo asali. Idan fayilolin suna kan wata kwamfuta ana shiga ta sadarwar ofis, ta hanyar da Windows ke raba folda, suna da kalmar sirri ake miƙawa, kuma sunan yana aiki. Samba, manhajar da Andrew Tridgell ya fara a Ostireliya a 1992 wadda ke ba Unix damar magana da harshen Windows, tana karɓar sunan ta duba jadawalinta ta ba mutum lambarsa ta can. Amma ai wannan shi ne ainihin daidaitawar da ya ce a daina. Wata na'ura ce ke yi masa aikin a ɓoye, ya zaci aikin babu shi. Ranar da aka zare faifan aka jona shi kai tsaye, babu mai duba jadawali, lambobin ne tsirara.

Abin da ya fi tayar da hankali shi ne marubucin ya kalli gefe ɗaya na matsalar, inda ake hana mai fayil fayil ɗinsa. Ɗaya gefen shi ne a miƙa fayil ga wanda ba nasa ba, kuma wannan ba ya zuwa da wani gargaɗi. NFS, hanyar raba fayil da kamfanin Sun Microsystems ya ƙirƙiro a 1984 wadda har yau ake amfani da ita tsakanin kwamfutocin Linux da Mac, a tsarinta na yau da kullum lambar da kwamfuta ta turo take yarda da ita. A ɗauka a sabar ofis, wato kwamfutar da ke riƙe da fayilolin kowa, lamba 1001 ta Amina ce mai lissafin albashi. A kwamfutar ɗakin baƙi kuma 1001 ta faɗo a kan Musa, ɗan hidimar ƙasa, don shi aka buɗe wa asusu na biyu. Da zarar ya buɗe foldar ofis, saba za ta ɗauke shi Amina ce. Bai yi kutse ba, bai saci kalmar sirrin kowa ba, ga takardun albashi a gabansa da ikon gyarawa. Nau'i na huɗu na NFS ya zo da hanyar tura suna haɗe da sunan yankin ofis maimakon lamba, amma shi ma in yankin bai zo ɗaya a na'urorin biyu ba, sai a ga fayiloli duk sun zama na nobody.

Ko a kwamfuta ɗaya hakan na faruwa. Ma'aikaci ya bar aiki, aka goge asusunsa aka bar fayilolinsa. In shi ne mai lamba ta ƙarshe, wanda aka buɗe wa asusu bayansa yana iya samun wannan lambar, ya wayi gari ya mallaki duk abin da wancan ya bari. Windows ba ta sake bayar da SID ɗin da aka taɓa amfani da shi, Linux kuwa wannan tsantseni ga mai kula da ita ta bar shi.

Sai maganar chmod 777. Kowane alƙalami a cikin ukun nan jimla ce: 4 karantawa, 2 rubutawa, 1 gudanarwa, bakwai ke nan duka. Na farko na mai fayil, na biyu na rukuni, na uku na duk wani mai asusu a na'urar, har da asusun da manhajoji ke aiki da su. Ban da haɗarinsa, umarnin ba ya ma warware abin da aka kira shi ya warware. Fayilolin da ke nan yau kaɗai yake taɓawa. Wanda Amina za ta ƙirƙira gobe zai fito da izinin da tsarinta ya saba bayarwa, galibi 644, ita ta rubuta, sauran su karanta kawai. Musa zai sake tarar da ƙofa a rufe, a sake kiran mai gyara, ya sake buga 777. Ga kuma abin da marubucin bai faɗa wa masu karatunsa ba: a Unix ikon goge fayil daga izinin folda yake fitowa, don haka folda mai 777 kowa na iya share abin kowa a cikinta, ko da bai iya buɗe fayil ɗin ba.

Akwai manhajojin da ma ba sa yarda a yi musu wannan sakaci. OpenSSH, wadda ake shiga kwamfuta daga nesa da ita, ba ta karɓar mabuɗin sirrin da wasu ke iya karantawa. PostgreSQL ba ta tashi idan foldar bayananta a buɗe take ga kowa. Git, da masu rubuta manhaja ke adana aikinsu da shi, tun Afrilun 2022 ya daina aiki a foldar da wani asusu daban ya mallaka sai an ba shi izini na musamman, bayan an gano cewa mutum na iya dasa wa wani tarko ta wannan kafa a kwamfutar da suke amfani da ita tare. Waɗanda suka rubuta waɗannan manhajoji ba su ɗauki mallakar fayil a matsayin ado ba.

Batun ɓarawo fa? A nan marubucin ya faɗi gaskiya. Wanda ya sace faifai ya jona shi a kwamfutarsa, inda shi ne root ko Administrator, babu UID ko SID da zai tare shi. Maganin wannan kulle faifan ne da mabuɗin sirri: BitLocker a Windows, LUKS a Linux, FileVault a Mac. Kuskuren shi ne zaton cewa don ɓarawo aka yi izinin fayil. Yawancin fayilolin da ke salwanta a hannun mutanen gida suke salwanta, ta kuskuren yatsa ko manhaja mai lahani, kuma izini shi ke ƙayyade iyakar inda ɓarnar za ta tsaya.

A 1998, ana tsakiyar aikin fim ɗin Toy Story 2 a kamfanin Pixar, wani ya buga umarnin sharewa a inda bai dace ba. Ma'aikata suna kallo sassan jaruman fim ɗin suna ɓacewa ɗaya bayan ɗaya, kafin a kashe na'urar kusan kashi 90 cikin ɗari na aikin ya tafi. Da aka koma ga kwafin ajiya, sai aka tarar shi ma ya jima ba ya aiki daidai. Abin da ya ceci fim ɗin kwamfutar gidan Galyn Susman ce, ɗaya daga cikin shugabannin fasaha na aikin, wadda ke aiki daga gida saboda ta haihu, tana da kwafi a wurinta. Waɗanda suka yi aikin sun ba da labari daga baya cewa a buɗe tsarin nasu yake, mutane da yawa na da ikon taɓa fayilolin. Ƙwararru ne, babu mai mugun nufi a cikinsu, umarni ɗaya ne ya samu hanya a share.

Misalin da ya fi kusa da mai kwamfuta a gida shi ne na Steam, manhajar wasanni ta kamfanin Valve. A Janairun 2015 aka gano wani layi a nau'inta na Linux wanda aka rubuta don ya share foldar Steam kaɗai, amma idan sunan foldar ya zo babu komai a ciki, sai ya soma sharewa daga tushen faifai. Wanda abin ya fara faɗa wa ya rasa duk fayilolin da asusunsa ya mallaka, har da na faifan waje da yake ajiye kwafi a ciki, domin a jone yake. Abin lura shi ne abin da ya tsira: fayilolin babbar manhaja, saboda na root ne, umarnin ba shi da iko a kansu. Da a ce kwamfutar iyali ce kowa da asusunsa da izininsa, hotunan uwa da takardun uba suna nan lafiya. Da kuma sun bi shawarar marubucinmu, da kayan gidan gaba ɗaya sun tafi saboda wasan yaro ɗaya.

Manhajojin da ke garkuwa da fayiloli don neman kuɗin fansa ma haka suke. CryptoLocker, da ta ɓulla a Satumban 2013, ba ta tsaya kan faifan wanda ya buɗe mugun saƙo ba, tana bin foldojin ofis da aka jona wa kwamfutarsa tana kulle duk abin da asusunsa ke iya rubutawa. A ofishin da kowa ke iya rubuta komai, sakacin mutum ɗaya ya isa. Makaranta ko asibiti ko ofishin lauya a Najeriya yana da ƙarin dalili: Dokar Kare Bayanai da aka sa wa hannu a Yunin 2023 ta ɗora wa mai riƙe da bayanan mutane nauyin ɗaukar matakan da suka dace don tsare su, kuma da wuya a kira folda mai 777 matakin da ya dace.

Shi exFAT yana da wurinsa, kuma babu mai cewa a daina amfani da shi. Microsoft ta fito da shi a 2006, ta wallafa bayanin tsarinsa ga kowa a 2019, Windows da Mac da Linux duk suna karanta shi, kuma ba shi da iyakar gigabayit 4 da ke hana FAT32 ɗaukar babban bidiyo. Ga filash ko katin kyamara da ake kai aiki daga hannu zuwa hannu, shi ne daidai. Amma a mayar da shi ma'ajiyar dindindin wani abu ne daban. NTFS da ext4 na Linux suna rubuta abin da suke shirin yi a wani kundi kafin su yi, ta yadda in wuta ta ɗauke a tsakiyar rubutu za su iya gyara kansu. exFAT ba shi da wannan kundi. Wanda ke zaune a inda ake ɗauke wuta ba sallama ya yi tunani sau biyu kafin ya zuba aikin shekara a kansa.

Hujja mafi kusa ma tana aljihun mai karatu. Android a kan Linux aka gina shi, kuma kowace manhaja da aka sauke a waya ana ba ta UID nata, daga 10000 zuwa sama. Wannan lamba ce ke hana manhajar wasa leƙa bayanan manhajar banki. Inda tsarin ya daɗe yana da rauni shi ne ma'ajiyar da kowa ke zuba hotuna da katin memori, wanda FAT ko exFAT ne marar mai shi: manhajar da aka ba izinin ajiya tana iya karanta duk abin da ke wurin. Google ta shafe shekaru tana toshe wannan kafa, har ta kawo sabon tsarin killace ajiya a Android 10 a 2019, ta tsaurara shi a Android 11. Abin da kamfanin ya sha wahalar fita daga cikinsa shi marubucin ke kiran mutane su shiga da ƙafarsu.

To aikin da ake gudu, ina girmansa? Ga mai Windows da Linux a na'ura ɗaya, direban NTFS-3G, wanda Szabolcs Szakacsits ya fara kuma tsayayyen nau'insa ya fito a 2007, ya tanadi hanya tun tuni. In ba a gaya masa komai ba, yakan nuna duk fayilolin ɓangaren Windows a matsayin na mutum ɗaya. In ana son mallaka ta gaskiya, sai a buɗe ɓoyayyiyar folda mai suna .NTFS-3G a tushen ɓangaren, a ajiye fayil mai suna UserMapping a ciki, kowane layi ya ƙunshi UID da GID da SID da ɗigo biyu a tsakaninsu. Umarnin whoami /user a Windows yana nuna SID, umarnin id a Linux yana nuna UID da GID. Gida mai mutum uku 'yan layuka ne, akwai ma manhajar ntfsusermap da ke tambayar mutum wane ne wane ta rubuta masa. Daga nan fayil ɗin da Amina ta yi a Linux nata ne a Windows, haka in an juya. Abu ɗaya da za a kiyaye shi ne sabon direba ntfs3, wanda kamfanin Paragon ya bayar aka shigar cikin Linux 5.15 a 2021, ba ya bin wannan jadawali, don haka sai a tabbatar da wane direba ne ya jona faifan.

Tsakanin kwamfutocin Linux kuwa takarda da biro sun isa. A rubuta wa kowa lambarsa kafin a buɗe asusu, a ba shi ita a kowace na'ura, kada a sake ba wani lambar wanda ya tafi. In an riga an buɗe, usermod yana sauya lamba, chown yana mayar da tsofaffin fayiloli kan sabuwar. Don folda ta haɗin gwiwa, a buɗe rukuni, a zuba masu aikin a ciki, a ba foldar izini 2770. Alƙalamin 2 na farko yana sa duk sabon fayil ya gaji rukunin foldar, in aka ƙara da izinin gado na setfacl, abin da Amina ta ƙirƙira gobe Musa zai iya gyarawa, baƙo kuma ko sunayen fayilolin ba zai gani ba. Wannan shi ne abin da marubucin yake nema tun farko, kuma sau ɗaya ake yin sa.

Ofishin da ya girma har yana da Active Directory, wato tsarin Windows na tara asusun ma'aikata wuri guda, a nan ne Samba ke ba da zaɓi, kuma a nan ake yawan yin tuntuɓe. Hanyar tdb tana raba lambobi ga wanda ya riga zuwa, saboda haka saba biyu za su ba mutum ɗaya lamba biyu, in kuma kundin rabon ya ɓata, mallakar fayiloli ta rikice. Hanyar rid lissafi take yi: idan an ce a fara daga 10000, wanda SID ɗinsa ya ƙare da 1105 zai zama 11105 a kowace saba da aka saita haka, yau da gobe. Hanyar ad kuma tana ɗauko lambar da aka rubuta wa mutum a cikin asusunsa, bisa ƙa'idar RFC 2307 ta 1998. Akwai kuma force user, da ke mayar da duk fayiloli na asusu ɗaya. Yana da amfani a foldar da babu sirri a cikinta, amma daga ranar ba a iya duba fayil a san wa ya ajiye shi, ba a kuma iya ƙayyade wa kowa yawan wurin da zai ci a faifai.

Ba a ce babu wuya ko kaɗan ba. Jerin izinin NTFS ya fi na Unix faɗi, akwai abin da ba ya fassaruwa daidai, kuma saƙon kuskure ba ya gaya wa mutum cewa lamba ce ta saɓa. Amma a dubi inda masu gina manhajojin suka dosa. Microsoft da kanta, a tsarin WSL da ke gudanar da Linux a cikin Windows, ta ƙara hanyar ajiye UID da GID da izini a jikin fayilolin NTFS a 2018. A Afrilun 2021 Linux 5.12 ta zo da aikin Christian Brauner wanda ke ba da damar jona faifai a ce wa na'ura ta ɗauki lamba kaza a matsayin kaza, ba tare da an taɓa fayil ko ɗaya ba. Kowane ɓangare sauƙaƙa daidaitawar yake yi, babu wanda ya ce a jefar da ita.

Marubucin ya rufe da cewa nan gaba kaɗan kowa zai koma ajiya a intanet, magana ta ƙare. Google Drive gigabayit 15 yake bayarwa kyauta, OneDrive 5, kuma mai tace fim da ke juya ɗaruruwan gigabayit ya san kuɗin data. Ko an koma can ɗin ma tambayar tana nan: fayil a Drive yana da mai shi, kuma idan ma'aikaci ya ajiye takardun ofis da adireshinsa na kansa, ranar da ya tafi ikonsu yana hannunsa.

Mai kwamfuta shi kaɗai, da filash ɗin da ba ya ajiye komai na dindindin a ciki, yana iya bin shawarar marubucin bai yi asara ba. Amma rubutun ga iyalai da makarantu da ofisoshi aka yi shi, kuma ga waɗannan shawarar kuskure ce mai haɗari da ya kamata ya janye. Wanda ya riga ya buga 777 a foldar ofis ya zauna yau ya rubuta sunayen ma'aikata da lambobinsu, ya buɗe rukuni, ya mayar da izinin, kuma ya ɗauki kwafin ajiya a faifan da ba ya kwana a jone kafin ya taɓa komai.